Yadda Rumasa'u Ta Ceci Ɗakin 'Yan Ƙosai

Rumasa'u 'yar Tijjani direban bas, ta unguwar Aziziyya a Makka, tana cikin mutanen nan da za su iya sayar wa ɗan Makka ruwan Zamzam. Tun tana ƙarama take tsayawa bakin motar ubanta lokacin aikin Hajji tana jawo alhazai, Larabci a dama, Hausa a hagu. Kakanninta da ƙafa suka zo ta Chadi da Sudan, ita kuwa ko shagon ƙasan bene sai an yi da gaske take sauka. Amma baki kam, Allah Ya ba ta.

Da ta shiga jami'a, ɓangaren mata, ta tarar da abin da ya fi bakinta. Makon farko kowace ƙungiyar ɗalibai kan kafa tebur a fili tana farautar sababbin shiga. Manyan ƙungiyoyin ba roƙo suke yi ba, zaɓe suke yi. Za a yi wa yarinya murmushi a tambayi sunan gidansu. In ya yi daɗin ji, a gayyace ta shan gahawa, ana hira ana auna jakarta da ɗinkin abayarta da wutsiyar ido. Wadda ta tsallake, saƙo zai zo mata a waya. Rumasa'u ta jira nata saƙon har caji ya ƙare.

Sai ta faɗa ƙungiyar raya al'adu, wadda kowa ke kira 'Yan Ƙosai saboda warin man da ke fita daga ɗakinsu. Ɗan tsukukun ɗaki ne mai na'urar sanyi mai tari. Amma nan ne kaɗai ta taɓa jin sa'o'inta suna zagin juna da Hausa, kuma ta so ɗakin nan har cikin ranta. Kafin ta kai shekarar ƙarshe makullin yana hannunta, tana daka wa kowa tsawa ta rufe ƙofa sanyi na fita.

A shekarar ne ofishin kula da ɗalibai ya ce duk ƙungiyar da ba ta cika adadin sababbi ba za a karɓe ɗakinta. Masu gahawa har sun zo sun auna bango. Rumasa'u ta yi roƙo, ta yi ƙosai, ta yi ƙarya, mako ya zo ƙarewa saura mutum ɗaya. Wadda ta rage mata ita ce Manar, 'yar Hajja Fatsuma, doguwar yarinya da Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Ko kallon teburinsu Manar ba ta yi ba.

Rumasa'u ta ce in 'ya ta ƙi ji, uwa za ta ji. Ta aiki Gwaggo Asiya, ƙanwar ubanta, wurin Hajja Fatsuma. Abin da ta manta shi ne rabin auren Hausawan Aziziyya Gwaggo Asiya ce ta ƙulla, kuma hanya ɗaya ta sani ta shiga gidan mutane. Ta sha turare, ta ɗauki dabino da kwalin alawa, ta yi sallama bayan la'asar, ta ce Manar ta kawo shayin da kanta. Maganar ƙungiya ta faɗe ta tiryan-tiryan, amma wa zai yarda? Hajja Fatsuma ta yi ta gyaɗa kai, ta ce haka mutanen kirki suke farawa, ba sa faɗa wa magana kai tsaye. Ta kuma san Rumasa'u na da wa, Talal, gwauro mai aikin banki. Kafin isha an yi guɗa a waya har Jidda.

Washegari Manar ta zo teburin 'Yan Ƙosai ta zauna ta ɗora ƙafa kan ƙafa. Rumasa'u ta fara rantse-rantse cewa ba neman aure ta aika ba. Manar ta ɗaga mata hannu, ta ce ta sani. Masu gahawa ma sun zaɓe ta tun shekaranjiya, sai dai uwarta ta ce ba 'yarta ba zama bayan lacca. Yau kuwa uwar da kanta ta ce ta je ta zauna da dangin miji ta koyi halinsu.

“Abla, zan shiga taku,” in ji Manar da Larabci, tana kiran ta babbar yaya. “Amma fa ki yi shiru har in gama karatu. Yayanki kuma, wallah ba na so, ko kyauta.”

Rumasa'u ta tuna Talal, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ta dubi makullin da ke hannunta. Ba ta daɗe tana tunani ba.

Talal ya yi shekaru yana zagaye layin Hajja Fatsuma kamar mai gudun kare, tsofaffi na tare shi a ƙofar masallaci suna tambayar sa rana. Har yau bai gama yafewa ba, in an ci abinci ba ya miƙa wa Rumasa'u ruwa.

Yanzu Rumasa'u tana aiki da kamfanin jigilar alhazai zuwa Mina da Arfa, ana biyan ta don ta yi surutu. Bara ta leƙa jami'ar a makon farko, don ta ga ko sadaukar da wanta da ta yi ya tafi a banza. Warin mai ya tare ta tun daga matakala. Ta tura ƙofa, ta tsaya tana kallon ɗakin cike da fuskokin da ba ta sani ba, ƙwalla ta cika mata ido. Manar na tsugune gaban kasko, makulli rataye a wuyanta, ba ta ko waiwayo ba. Da karkatacciyar Hausarta ta daka tsawa.

“Ke, rufe ƙofa, sanyi na fita.”