Ranar da Na Kai Gidanmu Gonar Gero

Duk faɗin Tambuwal, in ka cire direbobin tasha, babu mai sanin hanya kamata, kuma su ma direbobin kara kawai nake yi musu. Ko cikin buhu aka ɗaure ni aka jefar a daji, zan fito in nuna alƙibla, in faɗi inda mai shayi mafi kusa yake. Wannan baiwa ta fara bayyana ne wata Asabar cikin hutun damina, ina aji biyar a firamare, ranar da muka ɗunguma gida guda zuwa wajen Kebbe gaishe da kakata.

Babanmu malamin makaranta ne, ɗan gari, mai biro uku a aljihun gaba. Inna kuwa Bafulatana ce da aure ya kawo cikin gari. Shekara uku rabonta da mahaifiyarta: yau ciki, gobe goyo, jibi ƙyanda ta kwantar da mu. Sai ga saƙo cewa tsohuwa ba ta jin daɗi, tana son ganin jaririyarmu Ummi, wadda aka sa wa sunanta. Baba yana da taron malamai ranar Litinin, saboda haka kwana ɗaya tak muke da shi. Mu je Asabar, mu juyo Lahadi.

Ni kaɗai na san rugar, domin hutun kaka da ya wuce kawuna ya tafi da ni na yi mako biyu a can. Na kwana kusa da maruƙa, na sha nono har na fara tafiya kamar tulu. Da na dawo sai na zana taswira a bayan littafin lissafi: ga rafi, ga rijiya, ga kuka mai reshe biyu, ga bukkar Kaka da jan biro. Baba ya kai ta ofishin malamai ya nuna wa kowa, har da mai gadi.

Bayan sallar asuba muka shiga akori-kura, mu shida da kayan tsaraba: goro, gishiri, sabulu, turmin atamfa da kanwar shanu. An cusa mu tsakanin buhunan taki da wata akuya da ta ƙudura sai ta ci hulata. Ƙanena Sani ya yi amai tun ba mu bar ganin hasumiyar masallaci ba, ƙanwata Balki kuma ta tambayi ko mun iso sau wajen dubu. Motar ta kafe a laka sau uku, maza suka sauka turi, ni ma na dafa ta da yatsa biyu, kuma har gobe ina ganin ni na fitar da ita. Duk inda aka tsaya sai Baba ya kira sunayenmu ɗaya bayan ɗaya kamar a aji, har da Ummi da ke bacci a baya.

Rana ta take muka sauka Kebbe. Inna ta hango masu tallar nono a gindin wata bishiya, ta ce a hankali, "Malam, da mun tambaye su inda mutanenmu sunka koma." Baba ya ɗaga littafina sama ya ce, "Ga taswira, ga mai taswira, mi za mu tambaya?" Ni kuma na rantse cewa ko ido rufe zan kai mu. Inna ba ta ƙara ba. Ni ne ɗan farinta. Ko sunana ba ta faɗi, balle ta tsaya gardama da ni gaban mutane. Ta gyara goyo, ta ɗora ƙunshi a ka, ta biyo baya.

Gaskiya taswirar ba ta yi ƙarya ba. Mun ƙetare rafin, mun wuce rijiyar, ga kuka mai reshe biyu tsaye inda na bar ta. Na ruga gaba ina kiran Kaka. Abin da ya amsa mini gero ne, kore shar, ya fi Baba tsawo, daga nan har inda ido ya tsaya. Na kutsa ciki ina neman ko turken maraƙi, sai na ci karo da mai gonar. Ya ce, "Fulani? Ai taki sunka zo zuba min bayan girbi. Tun ruwan fari sunka tashi." Baba ya tambayi inda suka nufa. Mutumin ya nuna daji da haɓa, wato rabin duniya.

Inna ta sauke ƙunshi ta zauna a gindin kukar. Ba ta yi faɗa ba, ba ta dube ni ba, ta juyo da Ummi tana ba ta nono tana kallon geron. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Baba ya duba agogo, ya ce in la'asar ta yi ba mu same su ba, dole mu koma Kebbe mu kwana, da safe mu bi mota. A lokacin ne na gane abin da na yi: na cinye wa uwata rabin yinin da ta jira shekara uku.

Can sai ta miƙe, ta cire takalmanta ta ba Balki, ta shige gaba. Ban taɓa ganinta haka ba. Matar da na sani bakin murhu, mai magana ƙasa-ƙasa, ta kama burtali tana tafiya kamar ba goyo a bayanta. Takan tsaya ta taɓa kashin shanu da ɗan yatsan ƙafa ta ji ko ɗanye ne, ta dubi inda aka karya reshe, ta zaɓi hanya. Baba da biro uku yana bin ta yana haki, ɗauke da Sani a wuya. Da ta hango wani makiyayi a kan tudu, ta ɗaga murya ta yi masa Fulatanci, muryar da ban san tana da ita ba. Ya nuna da sanda. Rana ta yi ja muka ji kukan maruƙa.

Kaka tana kwance a kan tabarma ƙofar bukka, ta rame ƙwarai. Aka ɗora mata takwararta a ƙirji, ta shinshina kanta. Ita da Inna ba su yi wata doguwar magana ba, hannu kawai suka riƙe. Da labarin geron ya kai kunnenta, ta yi dariya har da tari, ta dube ni ta ce, "Wane irin miji ne wannan, bai san inda matarshi ta koma ba?" Wannan ne ganinsu na ƙarshe, ita da Inna. Kafin a yanke geron nan Allah Ya yi mata rasuwa.

Yanzu kowane makiyayi da waya a aljihu, kafin ka ɗaura takalmi ka san inda ya kwana. Dangin Inna sun watse, wasu sun shigo gari, wasu sun yi nisa, kuma ba kowane daji ake shiga da yara ba kamar da. 'Ya'yana suna tafiya a mota mai kujeru, kowa da biskit, ba wanda akuya ta taɓa ci wa hula. Nakan ji tausayinsu, don ba su taɓa ganin babba ya ɓata ba, balle su ga wanda ya san hanyar gaske.

Sallar da ta wuce muna hanyar Dogon Daji biki, Inna tana kujerar baya da jikoki, na shiga ba su labarin yadda na ja gida guda cikin daji ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Autata ta juya ta ce, "Inna, wai da gaske Baba ya san hanya haka?" Tsohuwa ta ci gaba da kallon taga, ta ce, "Ya sani mana. Duk inda mutane sunka tashi, ubanku ya san wurin."