Ɗakin Bayan Goggon Inshora

Ɗigo ɗaya a kan ƙarfen allura, ɗigo ɗaya a gindin ƙoshiya, sai ta goge bakin kwalbar man da tsumma ta matsa gaba. Haka Goggon Inshora take buɗe ranarta, tun kafin ta buɗe ƙofar ofis. A ɗakin bayan ofishin akwai tsohon kan keken ɗinki, da injin markaɗe, da ƙaramin firiji, da baro, da injin aski a cikin gwangwanin madara, da dutsen guga. Kowanne sai ta taɓa shi. Mai juyawa ta juya shi, mai kunnawa ta kunna shi ta saurara, kamar uwa mai bin 'ya'yanta a shimfiɗa tana jin numfashinsu.

Ni tsohon marubucin waƙa ne, na san wannan saboda tagata tana kallon tagarta, kuma tsufa ya mayar da ni mai tashi da wuri ba tare da wurin zuwa ba.

Aikinta wakilcin wani kamfanin inshora ne. Masu ƙananan sana'o'i na layinmu suna ba da ɗan abin da suka iya, idan wuta ko ruwa ko ɓarawo ya taɓa kayan aikinsu, kamfani ya biya diyya. Iyakar abin da aka ɗauke ta yi ke nan. Ɗakin baya kuwa babu shi a cikin aikin. Ita ta ƙirƙire shi, kuma a mummunar shekara ta ƙirƙire shi.

A wancan lokacin kamfanin farko da take wa wakilci ya rushe. Manyansa suka ɓace, aka bar ta da fuskokin mutanen da suka amince da ita. Da wata ce, da tuni ta ja ƙofa ta bar gari. Ita sai ta bi shago shago da ƙafarta tana faɗin gaskiya. Aka zage ta, wani ya watsa mata ruwan wanki a takalmi. Da ta isa wurin mai askin da aka sace wa inji, ba ta da abin ba shi, sai ta koma gida ta ɗauko injin askin marigayi mijinta ta miƙa masa aro. Daga nan ɗakin ya fara. Da ta samu sabon kamfani, mai riƙe alkawari amma mai nauyin ƙafa, ba ta rufe ɗakin ba. Takan ce diyya tana zuwa, amma kafin ta zo masu kawo maka aiki sun koyi hanyar wani shagon.

Na daɗe ina yaba wannan daga nesa, irin yabon mutumin da abin bai shafe shi ba. Sai damina ta shigo gidana.

Autata tela ce. Bayan shekaru tana ɗinke-ɗinken gyara, wata makaranta ta ba ta ɗinkin kayan ɗalibanta gaba ɗaya, da sharaɗin ta gama kafin a koma hutu. Idan ta cika, aikin ya zama nata duk shekara. Idan ta saɓa, akwai babban shago a bakin titi da ke jira. Ta yanka rabin yadin ke nan aka yi ruwa mai iska, bangon maƙwabci ya kwanta a kan shagonta. Allah ya tsare rai, yadin ma yana gida. Amma keken ɗinkin ya lanƙwashe, kansa ya tsage gida biyu.

Na raka ta ofishin. Goggo ta zuba mata ruwa a kofi, ta jira har ta shanye, sannan ta ce, "Diyyarki za ta fito, 'yata, wannan ki bar min. Sai dai ba za ta riga komawar makaranta ba."

"To ki ara min keken ɗakin baya, Goggo."

Muka leƙa ɗakin tare. Kan keke ɗaya ne a can, tsoho, wanda take ɗiga wa mai kullum don kawai kada ya mutu, amma ba ya ɗaukar zare. Mai lafiyar ba ya nan. Inda yake tsayawa sai tabon ƙafafunsa huɗu a kan siminti.

Duk layin ya san inda yake. Wani dattijo, Baba Tela, ya are shi bayan gobara ta ci shagonsa. Diyyarsa ta fito, amma ta tarar da matarsa a gadon asibiti, ta bi ta can. Bai sayi sabon keke ba, bai dawo da na aro ba, kuma tun lokacin ya daina bin layinmu. Idan zai je kasuwa sai ya zaga ta bayan makaranta.

Autata ta share hawaye ta ce, "Ai naki ne. Ki aika a karɓo."

"In karɓo, shi kuma ya ci me?"

"Ni kuma fa, Goggo?"

Na buɗe baki zan goyi bayan 'yata, Goggo ta kalle ni ta saman tabarau. "Yaya, kai dai riƙe mana ofis. In wani ya zo, kada ka karanta masa waƙa, ka ce ya zauna."

Ban riƙe ofis ba. Na bi su a baya da sandata.

Mun sami Baba Tela a wani lungu, a ƙarƙashin rumfar kwano, yana toshe aljihun wando. Da ya hango Goggo sai ƙafarsa ta tsaya a kan matakin keken. Ya miƙe, ya fara kwance igiyar keken.

"Baba, me kake yi?"

"Na san ranar za ta zo, Goggo. Ki yi haƙuri da ni."

"Mayar da igiyar nan. Ni roƙo na zo." Ta ja benci ta zauna. "Yarinyar nan an ba ta aikin da ya fi ƙarfin hannu biyu, ga shi kekenta ya mutu. Ina neman tela wanda ya san wuyan riga, ba irin na yanzu masu ɗinka wuya kamar bakin buhu ba. An ce min kai ne ka rage."

Autata ta ɓata fuska. "Goggo, ni ce mai bakin buhun?"

"Ke ban ga naki ba tukuna."

Baba Tela ya yi dariyar da ta ƙare da tari. Ya dubi rumfarsa mai yoyo ya ce, "A ina za a yi? Nan ko yadi ɗaya ba ya shimfiɗuwa."

"A ofishina."

Haka kuwa aka yi. Aka ɗora keken a baron ɗakin baya aka turo shi ta tsakiyar layin, Baba Tela yana tafe a gefensa, karon farko da ya bi hanyar a fili. Goggo ta sa aka fitar da ƙaramin teburinta zuwa baranda, ta bar musu babban don yanka. A barandar ta ci gaba da karɓar mutane, feshin ruwa yana taɓa mata takardu, tana danne su da dutsen guga. Wani mai babur ya ce, "Goggo, an kore ki daga ofishinki?" Ta ce, "An ƙara min girma ne, yanzu har da iska."

A ciki kuwa keke ɗaya, teloli biyu. Idan ɗaya yana kan keke, ɗayan yana kan almakashi da alli. Kwanakin farko faɗa suka yi. Ita ta ce yana da nawa, shi ya ce tana gudu kamar an biyo ta. Daga baya na fara jin sautin ya daidaita daga tagata: keken ya yi ta zuba kamar yayyafi a kan kwano, ya tsaya, almakashi ya amsa. Na rubuta baituka masu yawa a rayuwata ina neman irin wannan karin, ban same shi ba sai a ofishin inshora.

Shugabar makarantar ta zo da kanta ana gobe komawa. Ta ɗaga riga ɗaya, ta juya wuyan ciki, ta ja maɓalli da ƙarfi. Ba ta yi murmushi ba, ba mai murmushi ba ce. Ta ce wa autata, "Zango mai zuwa akwai kayan wasanni. Ki zo ki auna." Da motarta ta tashi, 'yata ta zauna a kan tarin ƙyalle ta rufe fuska da hannu biyu, Baba Tela ya juya yana tsintar allurar da ba ta faɗi ba.

Sabon keken autata ya iso daga baya, kamar yadda Goggo ta faɗa. Ta gyara shago, ta bar gefe ɗaya na Baba Tela. Shi kuma, da safiyar da za su kwashe kayansu, ya tura tsohon keken zuwa ɗakin baya da kansa, ya daidaita ƙafafunsa a kan tabon siminti. Na shigo na same su a nan. Goggo ta ɗiga masa mai, ta juya shi da tafin hannu, ta saurara.

"Baba, yaushe na ce ka dawo da shi?"

"Ya daɗe a hannuna, Goggo."

"Ka ji yadda yake tafiya? A nan zai yi ta shan mai yana tsatsa kamar ɗan'uwansa. Ka tafi da shi sabon shagon. Ranar da wani ya zo min da kuka, na san inda zan turo shi, kuma za ku matsa ku ba shi wuri."

Na zo da godiyar da na kwana biyu ina jerawa a zuci. Na gyara murya na ce, "Ƙanwata, ni dai ban san da wane baki..."

"Yaya, in doguwa ce ka ajiye min zuwa yamma. Firijin mai sayar da ruwan sanyi ya ƙone jiya, ga rana tana ɗagawa." Ta kama ƙaramin firijin, Baba Tela ya taya ta suka ɗora a baro. Ta tura kwalbar man a aljihu, ta gyara mayafi, ta kama hannayen baron ta fita.