Gishirin Miyar Inna Batulu

A rumfar Inna Batulu da ke bakin tashar Bagudo ba a tambayar mutum abin da zai ci. Zama za ka yi, a ajiye maka abin da lokaci ya kawo. Da damina tafasa ce da rama da ɗanyar kuɓewa. Da kaka tuwon sabuwar shinkafa da miyar kabewa. In ruwan Kwara ya ja baya, tarwaɗa da ƙarfasa har ka gaji da cire ƙaya. Wani ma'aikaci ya taɓa neman taliya, ta dube shi ta ce, "Ba ta tsiro nan ƙasar."

Ni Lauwali direba ne, ina jigilar albasa tsakanin Bagudo da Lolo, wani lokaci har bakin iyakar Benin. Tun ina yaron mota nake ci a rumfar nan, don haka na san yadda ake gishirin miyarta, abin da baƙo ba zai lura da shi ba.

Ita ba ta yanke yawan gishirin miya da kanta. An ce tana amarya ta taɓa zabga shi har mijinta, Malam Atiku, ya yi ta tsokanarta. Ta yi fushi ta ce daga ranar shi zai riƙa faɗa mata ko gishiri ya ji. Wasa ya zama al'ada. Kullum da hantsi zai dawo daga fadamar shinkafarsa, ya zauna a ƙarshen benci kusa da murhu. Sai ta zuba masa ludayi ɗaya a ƙaramin akushi, ta miƙa ba tare da ta waiwayo ba. Ya kurɓa, ya ce "ƙara", ko ya ce "ya ji". Sai an yi haka ake fara sayarwa, ko da yunwa za ta kashe mu.

A farkon daminar bana maciji ya sare shi a fadama. Kafin a kai shi asibiti ya cika. Rumfa ta zauna a rufe, awaki suka mai da ita wurin kwana.

Da ta fita takaba sai ta buɗe, daidai lokacin sabuwar shinkafa. Ba ta rame sosai ba, ba ta kuka, ba ta kuma dariya. Ka yi mata gaisuwa ta amsa, ta ajiye maka kwano, ta koma bakin murhu tana kallon wuta. Tuwo na nan yadda muka san shi. Miya kuwa salam, babu gishiri ko ƙwaya.

Babu wanda ya gaya mata. Wa zai dubi matar da ta rasa miji ya ce miyarta ba daɗi? Muka riƙa haɗiyewa muna cewa an gode. Wasu suka fara zuwa da gishiri a ƙulle cikin leda, suna barbaɗawa a ɓoye kamar masu laifi. Daga baya suka daina zuwa, suka koma wurin mai shinkafa da wake a bayan tasha. Abin ya ba ni haushi, amma ni ma na yi kwanaki ina zagayewa. Na ji ƙanenta Haliru yana cewa in haka ta ci gaba, gara ta rufe ta koma gidansu a Zagga. Ita ko ta ji, ko ba ta ji ba, fuskarta ba ta nuna komai ba.

Ranar kasuwar Lolo na shigo da wuri, mota na jiran lodi. Rumfar ba kowa. An jiƙa benci da ruwan wanke-wanke, wuri ɗaya ne busasshe, can ƙarshe kusa da murhu. Na zauna ban yi tunanin komai ba.

Tana juya miya, bayanta gare ni. Sai na ga ta ɗauko ƙaramin akushin nan, ta zuba ludayi ɗaya, ta miƙo hannu baya. Hannun ya tsaya a iska yana jira. Na rasa yadda zan yi, na karɓa na kurɓa.

"Inna," na ce, murya ƙasa-ƙasa, "ƙara."

Ta waiwayo ta dube ni, ta dubi wurin da nake zaune. Na yi zaton za ta yi kuka, ko ta kore ni. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗebi gishiri da yatsu ta watsa, ta juya, ta sake zuba mini.

"Ya ji," na ce.

"Na san babu shi, Lauwali," ta ce. "Tun randa na buɗe nike miƙa akushin ga. Kowa bai amsa ba."

Ta karɓi akushin ta ɗauraye, ta kife shi a inda yake zama, sannan ta tambaye ni ko malmala nawa zan ci.