Ƙafar Ƙanena da Mutuncin Gidanmu

Ko zan mance da komai na ƙuruciyata, ban da lokacin da aka aike ni daji neman mahaifinmu. Ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato ba, ina hutun makarantar sakandare a gida Aliero, ƙanena ya faɗo daga kan motar albasa ya karye a cinya.

A garinmu karaya ba abin tashin hankali ba ce. Daga nesa ake ɗauko mutane a kawo mana ɗori, kusan kowace unguwa da gwaninta. Matsalar ita ce mu ma gidan ɗori ne, kuma Baba ya bi mafarauta daji tonon saiwoyin magani, can gaba da Sarandosa. Inna ta ce a kira mai ɗorin da ke bayan gidanmu. Baffanmu, wanda a rayuwarsa bai taɓa ɗaura ko ƙafar akuya ba, ya miƙe tsaye.

"Ɗan gidanga a kai ma wani? Mi mutane za su ce? A tahi a kira ubanai!"

Yaron yana ihu a kan tabarma, manya suna gyaɗa kai, an ceci mutuncin gida. Aka duba duk dangi aka zaɓi wanda ya fi dacewa da shiga daji, wato ni, mutumin da ko gaisuwa sai ya yi bitarta a zuci kafin ya furta. Hujjar Baffa ita ce na yi boko, na san taswira.

Na hau mota zuwa Jega, na sake wata zuwa Maiyama, ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni Sarandosa a kan babur. Duk wanda na tambaya ya ga mafarautan da idonsa, kuma kowa da gefen da yake nunawa. Wata tsohuwa mai tallan nono ce ta dubi takalmina na makaranta ta yi dariya, ta ce in bi busasshen rafi har in ga hayaƙi.

Na ga hayaƙin da rana ta karkata, amma babu kowa sai toka da wani makiyayi a gindin kalgo. Ya ce sun bazu cikin daji, in hau suri in ƙwala kira.

"Wa kake nema? Kira sunanai mana."

Ni ɗan fari ne, bakina bai taɓa kama sunan mahaifina ba. Na hau surin na ce, "Baba," da muryar da nake amsa tambaya a aji. Makiyayin ya ce ko tunkiyarsa ba ta juyo ba. Sai na tuna ihun ƙanena, na buɗe maƙogwaro na kira "Baba!" da kururuwar da har yau ban sake yin irinta ba. Karnuka suka fara isowa, na daskare a kan surin. Bayansu dattawa suka yi ta ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, kowa na zaton ɗansa ne. Nawa uban ne ya zo ƙarshe, da buhun saiwoyi a kafaɗa.

Na sauko na durƙusa na soma gaisuwa daki-daki. Ya katse ni.

"Kai, mi ya hwaru?"

Na faɗa masa. Ya ce wa ya ɗaura? Na ce ai ana jiransa. Ya dube ni ya ce:

"Aliero duka mutuwa sunka yi?"

Ya yar da buhun nan take. Sai washegari da hantsi muka iso gida, muka tarar cinyar ta kumbura tana sheƙi, yaron ya daina ma kuka. Baffa ya tarbe mu da fara'a yana bayanin yadda ya tsare gida bai bar hannun bare ya taɓa ba. Baba ya wuce shi zuwa wurin yaron. Ya shafa ƙafar, ya ce shi kaɗai ba zai iya jan ƙashin nan ba. Da kansa ya zagaya bayan gida ya yi sallama da mutumin da aka ƙi kira. Su biyu suka ja, suka jera karare suka ɗaure, suna hirar farashin albasa kamar ba su ne manyan abokan gabar da Baffa ya ƙera mana ba.

Ƙashi ya kama, amma ƙafar ta gajarta kaɗan. Ƙanena yanzu magidanci ne, yana ɗingishi zuwa gona. Mutanen da aka ji tsoron bakinsu kuwa, ban taɓa jin ko ɗaya ya ce uffan ba, suna can suna fama da nasu.

Abin da na koya shi ne, in mutum na kwance yana ihu, a nemi hannun da ya fi kusa. Masu gadin mutuncin gida yawanci ƙafafunsu biyu lafiya lau suke.