Takalman Masaƙi da Wayar Sada

A Karare na tashi. Lokacin kaka, idan an ci tuwo an yi sallar isha'i, kakarmu Iya Dije takan tura karan dawa cikin wuta, ta binne mana gyaɗa a toka, mu kewaye ta. Tsohuwa ce mai tsiya. Ni take kira mijinta marowaci, ƙanena Sada kuwa mijinta na gaskiya, don shi ko ƙwaya ɗaya ya samu sai ya raba da ita.

"Ku buɗe kunne, ga wata ta taho," haka take farawa. Mu ce, "Ta iso lafiya, Iya."

Akwai tatsuniya guda da na tsana. Wai wani mai gari ya samu kare mai bin sawu, wanda hancinsa bai taɓa kuskure ba. Rannan aka sace akuya. Karen ya sunsuna ƙasa, ya bi sawu har ƙofar wani masaƙi, ya tsaya kan takalmansa yana haushi. Shi kuwa masaƙin mutum ne da ke barin takalmansa a bakin zaure, kowa ya zura ya je uzurinsa ya dawo. Ɓarawon ma haka ya yi. Mai gari ya ce kare ba shi da dangi, ba ya cin hanci, saboda haka maganarsa ta zauna. Aka kori masaƙi daga gari.

"Sai me, Iya?" in ji Sada.

"Sai babu. Nan ta ƙare."

"To karen ƙarya ya yi?"

"Mi zai sa shi ƙarya, mijina? Takalmi ya bi, takalmi ya samu. Mutanen ne ba su tambayi masaƙi wa ya ari takalminsa ba."

Sada ya yi ta kuka ranar, ni kuma na ce Iya ta manta ƙarshen ne kawai, tsufa ya zo.

Iya ta daɗe da rasuwa. Ni ina koyarwa a Batsari, Sada ya zauna gida yana noma, kuma halinsa bai canza ba. Shi ne mai waya a unguwarsu. Mata su ara su kira mazajensu da ke ci-rani, makiyayi ya biyo ya ce katinsa ya ƙare, baƙo ya sauka daga babur ya ce a taimaka masa da kira ɗaya. Sada ba ya tambaya, miƙawa yake yi. A wajenmu hana aron waya abin kunya ne.

Da tashin hankalin daji ya yi tsanani, sai jami'an tsaro suka zo da mota suka tafi da Sada, da fartanya a kafaɗarsa. Na yi ta yawo kafin na samu ofishin da aka yarda a saurare ni. Wani matashi mai ladabi ya juyo mini kwamfuta. Ya ce suna aiki da wata na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, tana tace kiran wayoyi, ita ta gano layin Sada ya sha kiran mutanen daji.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wayar nan ta gari ce. Ku zo Karare ku tambaya."

Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Layin da sunansa yake. Na'ura ba ta san kowa ba, ba ta son kai."

Na taɓa jin maganar nan a bakin wutar Iya. Na'urar ba ta yi ƙarya ba. Waɗanda suka gina ta ne suka ɗauka kowace waya mutum ɗaya ke riƙe ta, domin haka ake yi inda suke. Masaƙin Iya ko ba komai ya ga fuskar wanda ya yanke masa hukunci. Ni har yau ban san wa zan roƙa ba, kowa sai ya nuna mini na'ura.

Yanzu na gane Iya ba ta manta komai ba, ni ne nake neman ƙarshe mai daɗi. Sada bai dawo ba. A Karare an daina aron waya, mutum sai ya dube ka ya ce ba caji. Takalman Sada na roba suna nan a ƙofar ɗakinsa. Makon jiya ɗansa ya zura su zai je rijiya, uwarsa ta bi shi da gudu ta karɓe, ta shige da su ɗaki.