Maƙabartar da ke Ƙarƙashin Ruwa

Baba Tanimu masunci ne a Warra, dattijo ne kuma a cocinmu. Mutum ne mai ban haushi, in gaya muku gaskiya. Bai taɓa tura jirginsa cikin ruwa da fushin wani a ransa ba. In kun yi cacar baki da safe, sai ya biyo ki har gindin murhu neman sulhu, alhali ke ba ki gama fushinki ba. Ni Rachel ya yi mini haka ya fi sau goma. In na ce, "Haba Baba, bari sai gobe mana!" sai ya ce, "Wa ya ba ki gobe? In Ubangiji ya dawo da hantsin nan fa?"

A tsibiri aka haife shi. Yana saurayi aka tashe su saboda dam, ruwan nan da muke su a cikinsa ya shanye garinsu, har da wurin da suka binne innarsa.

Daminar bara iska ta kifar da jirgin Yusuf, mijin ƙanwata Susan. Kwana huɗu maza suna nema, ba a ga gawarsa ba. Susan ta daina cin abinci, ta daina zuwa coci, kullum tana bakin ruwa a zaune, tana ramewa a gaban idona. Na lallashe ta, na yi mata faɗa, har zaginta na yi, Allah ya gafarta mini. Ashe ba mutuwar kaɗai ke cin ta ba. Wata rana ta ce mini, "Yaya, ranar da za a ta da matattu, daga ina za a ta da shi? Ko kabari ba shi da shi." Na yi ta kuka.

Na kai wa Baba maganar. Bai yi wa'azi ba. Washegari da safe ya ce mu shiga jirgi, ni da ita. Kai, na ji tsoro! Ya yi ta tuƙi har Warra ta koma ƙarama a bayanmu, sannan ya dubi wani tudu can nesa, ya dubi wani, ya aje filafili.

"Ɗiyata," ya ce wa Susan, "nan ƙasanmu Inna take kwance. Shekara hamsin da wani abu ban ga kabarinta ba. Ni da nake tsoho mai hazo-hazon ido wurin bai ɓace mini ba, balle wanda ya yi ruwan? Ranar da Ubangiji zai dawo ba kabari zai nema ba, suna zai kira. Yusuf zai ji nashi."

Susan ta zuba wa ruwan ido har na fara jin haushin tsohon, na ce a raina ya kawo ta nan ya ƙara mata ciwo. Can sai ta sunkuya, ta sa tafin hannunta a kan ruwan.

"Inna," ta ce, "ga Yusuf nan, baƙo ne a wurinku. Ki riƙe mini shi har a kira ku."

Ta share fuska da bakin zanenta, ta juyo wurina. "Yaya, akwai sauran tuwon jiya a gida?"