Taron Reshen Katsina

Malam Babaji bakaniken jirgin sama ne, kuma shi kaɗai wani kamfanin jigilar kaya ya bari a filin jirgin Katsina. Jirgin kamfanin kan sauka Talata da Juma'a da hantsi. Kafin ya tashi, Babaji zai zagaya shi, ya duba taya da birki, ya leƙa ko mai na ɗiga, sannan ya sa hannu a littafin matuƙi. Sauran ranaku yana cikin kwantenar da aka ba shi a matsayin ofis, daga shi sai rediyo.

Da su huɗu ne. Ɗaya ya rasu, biyu aka mai da su Legas. A Ƙofar Marusa yake zaune da yayarsa Talatu, wadda ciwon ƙafa ya hana fita. Matarsa ta rasu ba su haihu ba. Mutanen unguwa na ce masa Direban Jirgi, shi kuwa ya gaji da gyara musu.

Bana ƙungiyar makanikai ta daidaita da kamfanin kan ƙarin albashi, bayan shekara biyar ana kai ruwa rana. Sai dai a shafi na goma sha ɗaya na yarjejeniyar an rubuta cewa duk tashar da ke da bakanike ɗaya za a rufe ta, jirgi ya riƙa zuwa da nasa. Tasha ɗaya ce tak a haka, ta Katsina.

Joshua, sakataren ƙungiya, ya kira shi daga Legas. Tare suka koyi aiki, don haka bayan gaisuwa ya shiga tsokanarsa, yana kiransa shugaban reshe, sakataren reshe, kuma talakan reshe, tun da shi kaɗai ya rage a reshen ƙungiyar na Katsina. Babaji ya yi dariya, sannan ya tambaye shi ko ya karanta shafin.

"Da ni aka rubuta, Malam," in ji Joshua. "Mun ja iya jan mu. Amma akwai gurbinka a nan."

"Yaya Talatu fa? A akwatin sifana zan sako ta?"

Joshua ya ce ƙa'ida dai sai kowane reshe ya zauna ya kaɗa ƙuri'a, kuma in reshe ɗaya ya ƙi, an koma teburi ke nan, wataƙila wata shekarar.

Ran Alhamis Babaji ya yi taronsa. Ya buɗe da addu'a, ya karanta yarjejeniyar da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe, kamar akwai mai saurare. Ya daɗe riƙe da biro. Ya san yawancin masu jiran ƙarin nan da sunayensu, har da 'ya'yan wasunsu. Daga baya ya rubuta: mahalarta, ɗaya, masu goyon baya, ɗaya. Ya ɗauki hoton takardar da waya ya tura.

Da la'asar ya tarar da Talatu a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ya zauna a bakin tabarma ya gaya mata komai. Ta tambaye shi yaushe zai tafi Legas.

"Ba inda za ni, Yaya. Ƙarshen wata zan miƙa musu makulli."

Ta ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri. Washegari Juma'a, ya riga jirgin isa fili da awa biyu.